Wanda Bai Ci Gasa Ba, Me Yake Bin Mu?

A wajen wani ɗaurin aure ne a cikin garin Kafur. An shafa fatiha, ana rabon goro da alewa, sai wani saurayi ya ratso taro ya durƙusa gaban ɗayanmu. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya faɗi sunansa ya yi shiru, kamar mai jiran a ce, "Af, ashe kai ne!" Ba a ce ba. Sai ya ƙara bayani, ya ce yana cikin waɗanda suka aiko da labari a gasar da muka sa bara.

"Malam, wallahi ba ƙorafi na zo yi ba. Waɗanda suka ci, Allah ya sa musu albarka. Abu ɗaya kawai nake so in ji. Nawa ɗin, kun karanta kuwa?"

Abokin namu ya ce, "Haba, mun karanta mana. Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Ka ci gaba, Allah ya ƙara basira."

Yaron ya yi godiya ya tashi. Da dare muka buɗe kwamfutar da muka tara labaran, muka nemo sunansa. Ga labarin nan, an sa masa jar alama tun a shafin farko. Wanda aka ba shi ya duba ya tuna yadda aka yi. Ya ga an buɗe da doguwar sallama da godiya ga iyaye da malamai da masu shirya gasa, ya ga babu aya babu waƙafi, sai ya ture shi gefe ya ɗauki na gaba. Shafi ɗaya aka karanta cikin shida. Ke nan abin da aka gaya wa yaron nan a gaban jama'a ƙarya ce, ko da kuwa kunya ce ta haife ta.

Bari mu faɗi ko su wane ne mu, kada a ɗauka wani babban kamfani ne. Mu 'yan kaɗan ne daga ƙasar Kafur da kewayenta. Yawancinmu malaman makaranta ne, ɗaya yana da shagon buga takardu a Malumfashi, kuma duk cikinmu babu wanda ba ya noma. Abin da ya haɗa mu son karatu ne da wani takaici. Muna ganin yara a Masari da Mahuta da Gozaki da Dutsen Kura suna rubuta labari a waya, babi-babi, suna zubawa a WhatsApp da Facebook, amma babu mai ce musu ga inda kuka gyara, ga inda kuka ɓata. Sai muka ce bari mu haɗa abin da ya sawwaƙa bayan kaka, mu sa gasar gajerun labarai, waɗanda suka yi zarra mu buga su cikin littafi guda. Mun zaci ba za a kula mu ba. Sai ga labarai suna zubowa kamar marka. Da muka ga sun fi ƙarfinmu muka raba su, muka kafa wata doka a tsakaninmu: in shafin farko bai riƙe ka ba, wuce. Muka fitar da mutum uku, muka ƙara da wasu 'yan kaɗan da za su shiga littafi, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Sauran kuwa ko uffan ba su ji daga gare mu ba.

Tun daga daren nan muke ta juya magana guda. Ƙaryar wajen ɗaurin aure ba ta jawo gardama ba, don kowa ya san hukuncinta, wanda ya yi ta ma bai kare kansa ba. Abin da ya raba kanmu shi ne, da ma can akwai abin da yaron nan yake bin mu? Mun yi alkawarin kyauta ga wanda ya ci, mun cika. Ba mu yi wa kowa alkawarin amsa ba. To wanda ya faɗi gasa yana da haƙƙi a wuyan mai gasa, ko kuwa duk abin da aka yi masa alfarma ce?

Wanda ya fi tsayawa a kan cewa babu haƙƙi shi ne wanda ya fi kowa zuba kuɗi, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ce gasa gasa ce, wanda ya ɗaura zare ya shiga filin dambe ya san da faɗuwa. Ya ce ba albashi ake biyanmu ba, dare muke sata daga barcinmu. Ya ce da ba mu sa gasar ba, da yaron bai ma zauna ya rubuta shafi shida ba, ashe ko a haka mun yi masa rana. Kuma ya ce in aka ɗora wa duk mai son yin alheri nauyin da ba zai iya ɗauka ba, ƙarshenta kowa zai naɗe hannu, a rasa ko da mutum ukun da ake ɗagawa. Maganarsa ta ƙarshe tana da nauyi, har yanzu ba mu iya ture ta gaba ɗaya ba.

Amma misalinsa na dambe shi ya fara ba shi ƙasa. Ɗan damben da aka kashe ya san naushin da ya kai shi ƙasa. Ya ji shi a muƙamuƙinsa, 'yan kallo sun gani, gobe in ya koma gida ya san gefen da zai riƙa karewa. A musabaƙar karatun Alƙur'ani, yaro yana tuntuɓe alƙali zai buga masa ƙararrawa a daidai wurin, ya sauka daga kan mumbari ya san ayar da zai koma ya tisa. Kusan duk wata gasa da muka gada haka take, faɗuwa tana zuwa da dalilinta a hannu. Gasar rubutu ce kaɗai mutum zai aika da abin da ya kwana yana saƙawa, ya jira wata uku, ya ga hotunan wasu, shi ke nan. Ba zai san ko na huɗu ya zo ko na ƙarshe ba. Ba zai ma san ko saƙon ya isa ba.

Dattawanmu da suka ga zamanin da auduga ke da daraja a wannan yanki suna ba da labarin kasuwarta. Iri ta hannun dagatai da masu unguwanni ake raba shi kyauta. In an cire auduga sai a ɗura a buhu, a kai kasuwar da hukuma ta ware, wani a jaki, wani a ka. Kafin a ɗora a sikeli sai malamin duba auduga ya zura hannu, ya baje ta, ya yanke: lamba ɗaya, lamba biyu ko lamba uku. Daga nan a kwashe zuwa injin gurza na kamfanin BCGA a Funtuwa ko Malumfashi. Ba yabon tsarin muke yi ba. Farashin wasu ne ke yanke shi daga nesa, don amfanin masaƙun da manomi bai taɓa gani ba, kuma labarin malamin da sai an sa masa ɗan wani abu a aljihu kafin idonsa ya ga farin auduga ba baƙo ba ne a bakin tsofaffi. Sai dai duk da haka, manomin da aka ce tasa lamba uku ce yana tsaye a wurin. Ana nuna masa ganyen da ya bari a ciki, da ƙasar da ta shiga, da wadda tsutsa ta ɓata ta yi ja. In ya ga dama ya koma gefe ya shimfiɗa tabarma, shi da 'ya'yansa su tsince, ya dawo layi. Baɗi kuwa tun daga gona zai ware fara daban, mai datti daban. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, kowa ya zama mai saye, duba ya yi rauni, sai aka shiga jin labarin masu yayyafa ruwa da zuba yashi don buhu ya yi nauyi.

Mu da muka sa gasa, malaman duba auduga muka mai da kanmu, babu wanda ya naɗa mu. Muka ce a kawo mana, za mu faɗi mai kyau. Mutane suka amince suka kawo. Sai muka ɗauki buhu uku muka ɗaga sama, sauran kuwa wasu ko bakinsu ba mu kwance ba. In da wani ya yi wa iyayenmu haka a kasuwar auduga, mun san sunan da za su kira shi.

Abin da ya sa wannan ya fi yi mana ciwo shi ne, ƙagaggen labarin Hausa na boko a gasa aka haife shi, kuma tarihin haihuwar yana nuna abin da ke raya marubuci. A 1933 wani Bature, Rupert East, da ke shugabantar wani ɗan ofishin fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu, Jiki Magayi, sunan East kansa yana jikin bango tare da na John Tafida, abin da in alƙalin gasa ya yi shi a yau sai wayoyi sun ɗauki zafi. Imam a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, shekararsa 22. East bai tsaya ga sanar da shi ya yi nasara ba. Ya karanta rubutun nan ƙwaƙƙwafi, ya rubuta masa wasiƙa, ya nuna masa wuraren da ya gane an aro su daga wasu littattafai. Wannan ba magana ce mai daɗin ji ba ga saurayin da ya ga ya yi bajinta. Amma a 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya na wata shida, kuma zaman nan ne ya haifar da Magana Jari Ce. A 1939 Imam ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yau babu mai tambayar ko sule nawa aka ba shi a gasar. Abin da ya yi aiki a rayuwarsa shi ne ya sami mutum ɗaya da ya karanta shi har ƙarshe, ya kuma gaya masa gaskiya.

Abokinmu ya ce ai ga shi nan mun faɗa da bakinmu, wanda ya ci aka rubuta wa wasiƙa. Haka ne. Amma in karatun nan da gyaran nan su ne ainihin kyautar, kuɗi kuwa ƙugiya ce kawai ta jawo mutane, to me muka yi ke nan? Mun tara jama'a da sunan tallafa wa sababbin marubuta, sai muka ɗauki tallafin muka miƙa wa mutum ukun da suka fi kowa iyawa, wato waɗanda suka fi kowa rashin buƙatarsa. Wanda ya riga ya san inda ake sa waƙafi, galibi ɗan gari ne da ya sami malamin Hausa na kirki, ko wadda ta tashi a gidan da ake ajiye littafi. Yaron da ya buga labarinsa da babban yatsa a wayar da gilashinta ya fashe, yana kai ta wajen mai caji kullum yamma, shi ne wanda muka ce don shi muka taru. Shi ne kuma dokarmu ta shafin farko ta fara tankaɗewa.

Akwai kuma wani abu da tarihin ya koya mana, wanda masu alƙalanci ba su cika son ji ba. Alƙali yana ganin abin da ya saba gani ne. Waɗanda suka fito a gasar 1933 duk maza ne da suka bi ta makarantar boko. Mace ba ta ga sunanta a bangon ƙagaggen labarin Hausa ba sai bayan gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya sa a 1978, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Daga 1934 zuwa 1980 shekara 46 ke nan, kuma babu mai hankalin da zai ce a duk tsawon nan matan Hausawa ba su da labari, su da ke riƙe da tatsuniya tun kaka da kakanni. A 1982 gasar da gwamnatin tarayya ta sa ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Daga nan tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta, matasa kuwa suka daina jiran kowa. Suka riƙa haɗa kuɗinsu suna kai wa masu injin buga takardu a Kano. Ta wannan ƙofa Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, ta shigo da Allura Cikin Ruwa da sauran littattafanta, kuma matan aure da 'yan mata, daga Kano har Maraɗi, su suka yanke mata hukunci da kuɗin cefanensu.

Da wannan guguwa ta taso, 'ya'yan yankinmu biyu suna cikin waɗanda suka fi yin fice a muhawarar da ta biyo baya a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana sukar raunin su. Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, yana cikin masu kare su, shi da daga baya littafinsa 'Yartsana ya ci gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye a 2007. Dukansu masana ne, dukansu marubuta ne, ruwa ɗaya suka sha. Da a lokacin an zube musu tarin labarai guda an ce kowa ya fitar da uku, da wuya jerin nasu ya zo ɗaya. To in haka abin yake tsakanin manya, ina ga mu, da muke karatu bayan isha'i da fitilar waya, mun gaji da aji da gona?

Hukuncin gasa, in aka tuɓe masa riga, ra'ayin mutum uku ne ko huɗu a wani dare. Amma yaron da ke ƙauye ba haka yake jin sa ba. Shi abin da ya ji shi ne malamai sun duba sun ce bai iya ba. In mun ba shi dalili, yana iya auna dalilin, ya karɓi wani ya watsar da wani, ya ma gane cewa mu ne ba mu fahimce shi ba. Shiru kuwa ba a yi masa gardama. Mutum zai cike shi da mafi munin abin da yake tsoro game da kansa. Wannan ne ya sa muka karkata ga cewa haƙƙi ne. Duk wanda ya ɗora wa kansa ikon cewa wannan ya fi wannan, ya ɗauki bashin faɗin me ya sa.

Kada a ce muna zagin gasa. Mun ga abin da take yi. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata a 2016, mata da yawa da ke ɓoye rubutunsu a ƙarƙashin katifa sun fito fili, har a 2022 Amira Souley ta ci daga Maraɗi da labarinta Garar Biki, aka tuna cewa Hausa ba ta tsaya a kan iyakar Jibiya ba. Gasa tana sa wa mutum wa'adi, wa'adi kuwa shi ne maganin marubucin da ya shekara biyar yana cewa gobe zai fara. Ba ma cikin masu cewa kuɗi na ɓata niyyar mai fasaha. Shata bai taɓa jin kunyar karɓar kyauta ba, kuma waƙarsa ba ta rage zaƙi ba.

Inda muke jin tsoro wajen ƙananan masu ɗab'i irinmu ne, don talauci yana koya wa mai alheri dabaru. Dabara ta farko kuɗin shiga. An kawo shawarar a cikinmu, a ce kowa ya biya ɗan wani abu, da shi za a haɗa kyautar. Da muka zauna muka lissafa sai muka ga adashi ne da mutum ɗaya zai kwasa, kuma ba za a sake zagayowa ba. Yaran da suka faɗi su ne za su biya wanda ya ci, mu kuma mu sha yabo. Muka bar ta. Dabara ta biyu ta fi ɓuya, wato ɗan layin nan da ake maƙalawa a ƙasan sanarwa cewa duk labarin da aka aiko ya zama mallakar masu gasa. Mu ma mun kwafo shi daga wata sanarwa muka liƙa, ba mu yi tunani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutun mutum tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Dubi girman abin da muke cewa yaro ya sallama don kawai ya gwada sa'a. Manomi ya san irin wannan ciniki, shi ne na mai kuɗin da ke zuwa a watan yunwa ya saye masara tun tana tsaye a gona. Gara shi ma, yana biyan wani abu. Mu wanda ya faɗi ba mu buga nasa ba, ba mu biya shi ba, kuma a kan takarda mun hana shi kai shi wani wuri. Wannan layi mun goge shi, ba a yi musu ba.

Sai jigo. In mai ba da tallafi ya ce a rubuta kan kaza, kowa sai ya shuka kaza, kamar yadda aka taɓa cika ƙasar nan da auduga saboda ita ke da mai saye. Bayan shekara biyu uku yara sun haddace abin da alƙalai ke so: marainiya, muguwar kishiya, hawaye, nasiha a ƙarshe. Wannan magana ce mai tsawo, ta wata rana ce.

Da muka yarda cewa amsa haƙƙi ce, mun zaci mun gama. Ashe nan wahalar take. Wace irin amsa? Mu mutane ne da ba ma gaya wa uwar gida a fuska cewa miyarta ba ta ji gishiri ba. "Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma mu mun mai da ita ƙyauren da ake rufewa a hankali don kada a ji ƙara. In muka aika wa kowa da "ka yi ƙoƙari", mun sake yin ƙaryar wajen ɗaurin aure ke nan, sai dai wannan karon a rubuce. In kuma muka saki baki, akwai yarinyar da ta ɓoye wa 'yan gidansu tana rubutu, kalma ɗaya mai kaifi ta isa ta sa ta goge komai daga wayarta. Kuma a cikin waɗanda suka faɗi har da wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda ya koya wa biyu daga cikinmu baƙi da wasali. Labarinsa huɗuba ce tun daga farko har ƙarshe, babu mutum ko ɗaya mai numfashi a ciki. Wa zai rubuta masa? Da wane baki? Mun yi sati biyu muna tura wa juna, ƙarshe sai da muka tafi gidansa mu biyu, muka zauna a ƙasa, muka fara da neman afuwa. Ya saurara, ya ce mun yi daidai da muka zo, amma bai ce ya yarda da mu ba.

Abin da muka tsayar dai shi ne, a kowane labari a nemo abu ɗaya da ya yi kyau da gaske, a faɗe shi da sunansa da shafinsa, sannan a faɗi abu ɗaya ko biyu da suka kayar da shi, su ma da shafinsu. Wannan ba ya yiwuwa sai an karanta har ƙarshe, kuma da ma dalilin dokar ke nan. Gasa mai zuwa za mu rage kyautar, mu kuma rufe karɓa da zarar an kai adadin da za mu iya karantawa. Abokinmu ya ce to ai wannan ma zalunci ne, don yaran Funtuwa da Malumfashi masu intanet a hannu za su cike gurbin kafin na ƙauye ya hau tudu ya sami sabis. Ya yi gaskiya. Muna tunanin ware wa kowace gunduma kasonta, shi kuma yana cewa muna gina ofishin gwamnati a kan kuɗin buhu goma na masara. A nan muka tsaya, ba mu daidaita ba tukuna.

Labarin saurayin nan kuwa mun karanta shi, mu duka, a zaune wuri ɗaya. Bayan sallamar da ta cinye shafin farko, labarin wani dattijo ne da damina biyu ke nan bai taka gonarsa ta daji ba saboda 'yan bindiga. Amma kullum da safe sai ya wasa fartanya, ya saɓa, matarsa ta miƙa masa goran fura. Ya bi hanyar gona har inda gidaje suka ƙare, ya zauna a gindin wata ɗorawa yana kallon yamma har azahar, sannan ya dawo. Ta yi masa sannu da aiki, ya ce aiki da godiya. Ta sani. Ya san ta sani. Shafi na ƙarshe kuma sai yaron ya ajiye su ya shiga kira ga gwamnati da masu hannu da shuni.

Ba mu ce da ya ci gasar ba. Rubutun yana da aiki sosai. Amma a cikin ukun da muka ɗaga babu mai shafi biyu irin nasa na tsakiya, kuma wannan mun faɗa wa junanmu ba tare da wani ya ɗaga kai ba.

Wanda ya yi ƙaryar shi ya kira shi. Ya gaya masa abin da ya faru, bai rage komai ba. Yaron ya yi 'yar dariya.

"Malam, ai na sani tun ranar. Da kun karanta, da kun tambaye ni tsohon."

Muka aika masa da gyara a rubuce. A cire sallamar, a cire kiran da ke ƙarshe, ga yadda ake sa aya da waƙafi, ga yadda ake ware maganar kowa a layinta. Muka ƙara da shawara guda da muke ganin ita ce mafi muhimmanci: labarin ba shi da ƙololuwa, ya kamata wata rana matar ta tare shi a bakin ƙofa ta fasa ƙwan, a yi ta ta ƙare. Bayan kwana huɗu ya maido da shi. Sallama ta tafi, kiran ya tafi, waƙafi ya zauna a mafi yawan wuraren da ya dace. Matar kuwa tana nan tana miƙa goran fura, ba ta ce komai ba. A ƙasa ya rubuta:

"Malam, duk na gyara, na gode, Allah ya saka. Sai dai wuri ɗaya ku yi mini haƙuri. Innata ba ta taɓa ce masa komai ba, har yau."

Muka bar wurin yadda ya rubuta shi.